Bindigar Kaka, Harsashin Jika: Masu Zubin Dalma a Ingila da Amurka

A gidajen gwanjon kayan da na Ingila, a kai a kai akan fito da wata siririyar bindiga marar nauyi, ƙotarta tana sheƙi, an yi wa ƙarfenta zane mai kyau, ga sunan Holland & Holland ko Westley Richards a jikinta. Ta haura shekara 120 a duniya, amma kunamarta lafiya lau, bututunta ma bai ci tsatsa ba. Matsalarta ɗaya ce: duk faɗin ƙasar babu kantin da mutum zai shiga ya sayo mata harsashi. Kamfanin Kynoch na Birmingham, wanda ya daɗe yana yin irin harsasan, ya daina tun wajen shekarun 1960.

A Amurka ma akwai 'yan'uwanta. Magidanci zai gaji tsohuwar Winchester ko Marlin daga kakansa, ya je kanti neman harsashin .25-20, mai kanti ya ce masa rabonsa da ganin kwali ɗaya an kwana biyu, in ma ya zo, kuɗinsa ya ninka na harsashin zamani. Manyan kamfanoni ba su soke irin waɗannan gaba ɗaya ba, sai dai sukan buga kaɗan jefi-jefi idan injinansu sun sami sarari. A shekarun da aka yi rububin harsashi a ƙasar, kamar 2013 da 2020, sararin bai samu ba.

Mafi yawan masu irin waɗannan bindigogi sukan rataye su a bango su huta. Wasu tsiraru kuwa sun ƙi. Su ne suke narka dalma a gareji ko bayan gida, su zuba ƙwayar harsashi da hannunsu, su ɗura ta a tsohon kwanso. Yawancinsu dattawa ne, tsofaffin injiniyoyi da manoma da malaman makaranta da suka ajiye aiki. Wanda ya ji labarinsu daga nesa zai ɗauka neman araha ne ko son ƙarfin wuta. Arahar akwai ta, amma ƙarfin wuta shi ne abin da suke gudu. Sana'arsu ta awo ce da haƙuri, kuma ta fi kusa da gyaran tsohon agogo fiye da harkar yaƙi.

Bindigar hankaka da zomo

A ƙarshen ƙarni na 19, manyan gidajen gona na Ingila suna da wata al'ada. Akwai wani baƙin tsuntsu dangin hankaka da yake sheƙa cikin garke a kan dogayen itatuwa, yana kuma ɓarnar shuka. A tsakiyar watan Mayu, bisa al'ada ranar 12 ga wata, lokacin da 'ya'yan suka fito daga sheƙa suna zama a reshe amma ba su iya tashi sosai ba, sai mai gida ya gayyaci maƙwabta a yi harbi. Naman ƙirjin 'yan tsakin akan gasa shi cikin ɓawon fulawa a ci. Wannan aiki yana buƙatar bindiga mai saiti amma marar ƙarfi, wadda ba za ta tada ƙauye da ƙara ba, ba kuma za ta ragargaza naman ba. Maƙeran Landan da Birmingham suka yi ta ƙera su, masu cin harsashi ɗaya, a awo iri-iri: .297/.230, da .297/.250, da .255, da .300, har zuwa .360 da .380. Sauran watannin shekara kuma zomaye ne abincinsu.

Abin da ya kashe musu kasuwa ɗan ƙaramin harsashin nan ne na .22 da kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi a 1887. Yana da araha ƙwarai, kuma da ingancinsa ya ƙaru sai ya ƙwace aikin zomo da hankaka baki ɗaya. Da yawa daga cikin tsofaffin bindigogin an rarake bututunsu an mayar da su masu watsa ƙananan ƙwayoyi, wasu an zura musu sabon bututu a ciki. Waɗanda suka tsira yadda aka ƙera su, su ake nema yanzu. Colin Greenwood, tsohon jami'in 'yan sanda, ya rubuta littafi guda a kansu wanda masu harkar suke ji da shi.

A Amurka labarin na talakan manomi ne. A 1882 kamfanin Winchester ya fito da harsashin .32-20 don bindigarsa samfurin 1873. Lambobin suna da ma'ana: na farko kaurin ƙwayar ne a kimanin awon inci, na biyu kuma nauyin baƙin albarushin da kwanson yake ɗauka a awon Turawa na da, wanda bai wuce giram ɗaya da ɗan ɗori ba. Daga baya aka matse wuyan wannan kwanso aka sami .25-20, wanda ya yi suna a Winchester samfurin 1892, ƙirar John Browning. Bindigar bayan ƙofa ce: a harbi dilan da ya addabi kaji, a samo kurege ko zomo na miya, mai ɗana tarko ya ƙarasa abin da ya kama ba tare da ya ɓata fata ba.

Duk inda masu .25-20 suka taru, sai an ba da labarin James Jordan. A watan Nuwamba na 1914, yana ɗan shekara 22, ya harbi wani namijin barewa mai rassan ƙaho a kusa da Danbury ta jihar Wisconsin da irin wannan bindiga. Ya ba mai gyaran kawunan dabbobi kan, mutumin ya ƙaura, kai ya ɓace. Bayan wajen shekara 50 wani ɗan'uwansa na nesa ya tsince shi a gwanjon tarkace a jihar Minnesota kan dala 3. Da aka auna, sai ga shi babu ƙaho irinsa da ya kai shi a tarihin da ƙungiyar Boone and Crockett take ajiyewa, kuma ya riƙe wannan matsayi har 1993. Ƙungiyar ba ta amince Jordan ne maharbin ba sai a ƙarshen 1978, watanni kaɗan bayan rasuwarsa. Labari ne mai daɗi, amma kada ya ruɗi kowa. Sai da Jordan ya yi harbi da yawa yana bin sawu kafin dabbar ta faɗi. Harsashin ya yi wa barewa kaɗan, masu hankali a cikinsu ma haka suke faɗa.

Akwai ta uku da ta zo daga Ostareliya. Da ƙasar ta wajabta wa samari horon soja a 1911, ta sayo dubban ƙananan bindigogi ƙirar Martini daga Birmingham masu cin harsashin .310. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi gwanjonsu, da yawa suka tsallaka Amurka a farashin banza. Ƙwayar harsashinta daban take: gindinta ya fi jikinta siranta, shi kaɗai yake shiga kwanso. Manyan kamfanoni ba sa yin irinta, don haka mai wannan bindiga kusan dole ne ya koyi zubi.

Me ya sa sai dalma zalla?

Harsashin zamani yana da riga ta jan ƙarfe a kan dalmar. Wani hafsan Suwizalan, Eduard Rubin, shi ya fito da dabarar a farkon shekarun 1880, kuma ta zo daidai da albarushi marar hayaƙi da Bafaranshe Paul Vieille ya haɗa a 1884. Sabon albarushin yana tura ƙwaya da gudun da dalma tsirara ba za ta jure ba. Su kuwa bindigogin da muke magana an ƙera su kafin wannan sauyi ko a bakinsa. Ƙarfen bututunsu mai taushi ne, rigar jan ƙarfe tana cinye shi da wuri. Ƙwayar dalma kuwa mutum zai harba dubbai, bututu bai san an yi ba. Gudun da suke buƙata ma kaɗan ne. Ƙwayar .25-20 ta kamfani, mai nauyin giram biyar da rabi da ɗan ɗori, tana fita da gudun kimanin mita 445 a daƙiƙa, bai kai rabin na wasu harsasan farautar zamani ba.

Babban dalilin kuwa shi ne awo. A cikin bututun bindiga akwai tsagogi masu murɗewa da suke sa ƙwaya ta riƙa juyawa don ta miƙe. A zamanin da babu ƙa'ida ɗaya da ta ɗaure maƙera. Hukumar da take tsara awon bindiga da harsashi a Amurka, SAAMI, sai a 1926 aka kafa ta. Bindigogi biyu masu lamba ɗaya, ɗaya daga wannan maƙeri ɗaya daga wancan, faɗin cikinsu zai iya bambanta. Ita .32-20 ɗin kanta ainihin kaurin ƙwayarta wajen .312 ne. Kamfani ba zai iya yi wa kowace bindiga nata ba. Mai zubi zai iya.

Shi ya sa aikin farko ba a bakin wuta ake yin sa ba. Mutum zai wanke bututu tas, ya shafa mai, ya sami ɗan dunƙulen dalma mai taushi wanda ya ɗan fi ramin girma, ya ɗora a baki. Da guduma ta roba ko ta katako zai daddaka shi a hankali har ya shiga, gefen da ya yi yawa ya yanke kamar zobe ya faɗi. Sai ya bi shi da sandar tagulla yana turawa kaɗan-kaɗan. A tafin hannunsa yana jin inda ya matse da inda ya saki, wato inda shekaru suka cinye ƙarfen. Idan dunƙulen ya faɗo ta ɗaya gefen a kan tsumma, ya ɗauko hoton cikin bututun ke nan, tsaga da tudu. Sai a kawo ma'aunin da yake karanta kashi ɗaya cikin dubu na inci. Ƙa'idar da kusan kowa ya yarda da ita ita ce ƙwaya ta fi ramin kauri da kashi ɗaya ko biyu cikin dubun nan. Gashin kan mutum ya fi wannan bambanci kauri, amma a kansa komai ya rataya.

Idan ƙwaya ta yi siranta, iskar wuta mai zafi takan kutsa ta gefenta, ta yanki dalma ta shafe bututu da ita. Harbi goma na farko su yi kyau, daga nan ƙwayoyi su fara watsewa, mutum ya leƙa ya ga bututu ya yi fari-fari. Sabon shiga yakan ce dalmarsa ta yi taushi, ya je ya ƙara mata tauri, abin ya ƙara lalacewa. Tsofaffin hannu suna da magana ɗaya da suke maimaita wa kowane sabo, cewa dacewar awo ita ce sarki. A tsohuwar bindiga marar ƙarfi, dalma mai taushi ta fi, domin bugun wutar yakan ɗan kumbura gindinta ta toshe ramin, mai tauri kuwa ba ta kumbura.

A bakin tukunya

Dalma zalla tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Selsiyos, amma ita kaɗai ba ta cika lungunan mazubi da kyau. Akan ƙara kuza don ta gudana, da antimoni don ta yi tauri. Haɗin da ya fi suna shi ne na kamfanin Lyman mai lamba biyu: kashi 90 dalma, 5 kuza, 5 antimoni. Masu bin tafarkin da sukan tsaya a dalma da kuza kawai, kashi 20 ko 30 na dalma a kan ɗaya na kuza, kuma ga bindigar hankaka wannan ya wadatar.

Mazubin kansa ƙarfe biyu ne da suke haɗuwa kamar bakin awartaki, da hannuwan katako, an rarake siffar ƙwaya a tsakaninsu, da ɗan murfi mai huda a sama. Tarihinsa ya kai shekarun bindigogin. A da, Winchester da kansa yakan sayar da mazubi da ɗan abin ɗura harsashi, domin manomin da yake tafiyar kwana biyu kafin ya ga kanti. A 1884 John Barlow, wanda ya taɓa aiki a Winchester, ya kafa kamfanin Ideal a New Haven, Lyman ya saye shi a 1925. Mazubin Ideal mai lamba 3118, na ƙwaya mai faffaɗan kai da aka yi don .32-20, har yau ana kwaikwayonsa. Faɗin kan nan ba ado ba ne. A Winchester da Marlin harsasai a jere suke cikin wani bututu ƙarƙashin babban, kan wannan a gindin wancan, don haka mai tsini zai iya tada na gabansa.

Mai zubi zai sa tabarau da safar hannu da doguwar riga, ya buɗe ƙofa iska ta ratsa. Tukunyar lantarki ce, zafinta wajen digiri 370. Idan dalma ta narke, datti yana tasowa sama, sai ya jefa ɗan kakin zuma ko garin katako, ya juya, hayaƙi ya tashi, ya kwashe baƙin da cokali har saman ya koma kamar madubi. Ya cika ludayi, ya zuba ta hudar murfin har ɗan tudu ya taru a sama. Idonsa yana kan tudun nan. Cikin 'yan daƙiƙu sheƙinsa zai dushe, tsakiyarsa ta ɗan lotsa. Sai ya bugi murfin da sanda ya yanke shi, ya buɗe hannuwa, ƙwaya ta faɗo a kan tawul mai laushi, tana ƙyalli, ba ta taɓuwa don zafi. Na farko-farko duk a yamutse suke fitowa saboda mazubi bai ɗau zafi ba, tukunya suke komawa. Idan kuma suka fara fitowa da hazo-hazo a jiki, zafi ya yi yawa, a sassauta. Tsakanin waɗannan biyu akwai wani ƙadami da hannu yake kamawa, zuba, jira, buga, buɗe, wanda littafi ba ya koyarwa. Kilo ɗaya na dalma yana ba da ƙwayar .25-20 kusan 180.

Abu biyu ne ba a wasa da su a wurin. Ruwa, ko ɗigo ɗaya ne, idan ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma, nan take zai zama tururi ya watso tukunyar a fuskar mutum har rufin ɗaki. Shi ya sa ba a jefa ɗanyen tarkace cikin tukunya mai zafi. Na biyu tutiya ce, wadda kaɗan daga cikinta yake mayar da haɗin kamar kunu mai gudaji, ya ƙi cika mazubi.

Bayan sun huce sai tancewa. Duk wadda gindinta bai fita da kaifi ba an yar da ita, domin gindi ne yake rabuwa da bakin bindiga a ƙarshe, ɗan karkacewa a nan yakan kai ƙwaya wani wuri. Masu gasa har sikeli suke hawar da kowace ɗaya. Daga nan a matsa ta cikin wani zoben ƙarfe ta fito daidai awon da aka ɗauka, a cika tsagogin jikinta da maiko. Na da kakin zuma ne da kitse. A 'yan shekarun nan wasu sun koma shafa mata garin fentin da ake gasawa a tanda, ƙwayoyi su fito ja da shuɗi da kore. Yana aiki, ba musu. Amma harsashi kore shar a cikin bindigar Holland & Holland ta zamanin Sarauniya Biktoriya, ni dai idona bai karɓe shi ba.

Kwanso da albarushi

Kwanson tagulla shi ne mafi tsada a harsashi, shi ne kuma ake sake amfani da shi. Harsashin .22 na kowa da kowa ba ya ɗuruwa sau biyu, domin sinadarin da yake tada wutarsa a cikin leɓen gindi yake. Waɗannan kuwa 'yar hula ce a tsakiyar gindi, ana cire ta a sa sabuwa. Tarihi ya yi wasa a nan: irin hular da take da sauƙin cirewa Baturen Ingila ne, Edward Boxer, ya ƙirƙiro ta, amma Amurka ce ta rungume ta. Mai wahalar cirewa ta Ba'amurke ce, Hiram Berdan, ita kuma Turai ta ɗauka. Kamfanin Starline na jihar Misuri yana yin sabon kwanson .32-20, daga shi ake matso .25-20, a kuma gyara shi ya zama na .310. Wasu kwansunan bindigar hankaka daga na .22 Hornet ake sarrafa su. Tagullar wuyansu siririya ce ƙwarai, garaje kaɗan a wurin matsi sai ta lanƙwashe.

Wurin albarushi ne ake rasa yatsu. An yi yawancin waɗannan kwansuna ne don baƙin albarushi, wanda yake cika su har wuya, babu wurin kuskure. Marar hayaƙi kuwa ɗan kaɗan ake sawa, ya kwanta a gindi, ta yadda mutum zai iya zubawa sau biyu bai lura ba. Tsohon ƙarfe ba ya yafe wannan. Saboda haka mai hankali yana jera kwansuna a kan allo, ya haska kowanne da tocila kafin ya ɗora ƙwaya, ba ya ajiye gwangwanin albarushi biyu a kan tebur lokaci ɗaya, ba ya kuma karɓar awo daga bakin aboki sai daga littattafan da aka gwada a ɗakin gwaji, irin na Lyman. Kamfanoni ma sun taɓa yin wannan ganganci: an yi zamanin da ake sayar da .32-20 mai ƙarin ƙarfi don samfurin 1892, a jikin kwalin an yi gargaɗin kada a sa shi a ƙaramar bindiga ko tsohon samfuri. Ba kowa yake karanta kwali ba.

Wanda yake ganin duk wannan wahalar banza ce don tsohon ƙarfe ba zai yi saiti ba, ya tambayi labarin Harry Pope, maƙerin bututun da ya rasu a 1950. A 1901 wani maharbi na jihar Kolorado, C. W. Rowland, ya harba ƙwayar dalma goma daga yadi 200 da bututun Pope mai cin .32-40, duka goman suka taru a wurin da faɗinsa bai kai inci ɗaya ba. An shafe shekaru da dama kafin a yi abin da ya fi haka. Har yanzu ana irin wannan gasa a Amurka, a Ingila kuma masu tsofaffin bindigogi sukan haɗu a filin Bisley.

Doka tana da nata ruwan. A Amurka dokar tarayya ba ta neman lasisi ga mai ɗura harsashi don kansa, sai in zai sayar. A Jamus sai an yi kwas an ci jarrabawa kafin a ba mutum izinin sayen albarushi. A Birtaniya da yawa daga bindigogin hankaka ana iya ajiye su a matsayin kayan tarihi ba tare da takarda ba, dalili kuwa shi ne babu harsashinsu a kasuwa. Ranar da mai ita ya yi niyyar harba ta, dole ta shiga takardar izininsa ta 'yan sanda. A Nijeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera bindiga ko harsashi ba da izinin hukuma ba, kuma a halin tsaron da ake ciki babu mai hankalin da zai nemi a sassauta.

Dalmar ce take ƙarewa

Shekaru da dama masu zubi kyauta suke samun kayan aiki. Gidajen jarida suna zubar da dalmar injin Linotype, wanda aka fara aiki da shi a New York a 1886, kwamfuta ta kore shi. Masu gyaran taya suna ba da bokiti-bokiti na 'yan ƙarafan da ake maƙalawa a ƙafar mota don ta daidaita. Dalmar maɗaba'a ta ƙare. Tarayyar Turai ta hana ta taya tun 2005, wasu jihohin Amurka suka bi, yanzu rabin bokitin tutiya ne da baƙin ƙarfe. Masana'antar Herculaneum ta Misuri, ta ƙarshe a Amurka da take narka dalma daga dutse, ta rufe a Disambar 2013.

Masu harkar sukan yi ƙorafi cewa ana yi musu bi-ta-da-ƙulli. A nan ban bi su ba. Mai karatun Hausa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan gubar dalma. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara sama da 400 suka mutu saboda ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake niƙawa a tsakar gida, wasu dubbai suka sha magani a hannun likitocin ƙungiyar MSF. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin taɓuwa. Hanyar da ta bi a Zamfara ita ce dai take bi a garejin Amurka: ƙura, daga hannu zuwa baki, daga riga zuwa ɗaki. A zafin tukunyar zubi dalma ba ta tashi tururi sosai. Haɗarin yana cikin dattin da aka kwashe, da ƙurar wanke tsohon kwanso, domin 'yar hular wutar ma da sinadarin dalma ake yin ta. Masu lura ba sa ci ko shan taba a wurin, suna wanke hannu da tufafi daban, suna zuwa awon jini, ba sa barin jika ya matso. Ba duka ne masu lura ba.

Sai kuma dabbobin daji. Dalmar da ta farfashe a jikin abin da aka harba, tsuntsu mai cin mushe yana haɗiye ta. Babbar ungulun Kalifoniya ta ragu har saura 27 a 1987, aka kame su duka don a raya irin, kuma gubar dalma tana sahun gaba cikin abubuwan da suke kashe waɗanda aka saki daga baya. Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma tun 1991. A 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar da shirin hana yawancin harsasan dalma, tare da ware wasu wurare kamar filayen gasa da suke iya tattara abin da aka harba.

Ga mai bindigar zamani wannan ba tashin hankali ba ne, sai ya koma harsashin jan ƙarfe zalla. Mai tsohuwar bindiga ba shi da wannan mafita. Jan ƙarfe ba ya narkewa a tukunyar gareji, yana cin bututu mai taushi, kuma da yake bai kai dalma nauyi ba, ƙwayarsa takan yi tsawon da tsagogin tsohon bututu ba za su iya miƙar da ita ba. Abin da ya rage wa waɗannan bindigogi shi ne filin gasa, inda tudun ƙasa yake tare ƙwaya, a tono ta a sake narkawa. A ganina wannan ciniki ne mai kyau, bindiga ta ci gaba da aiki, daji ya huta. A Kalifoniya ma an riga an kai can: tun 1 ga Yulin 2019, mai Winchester samfurin 1892 zai iya harba ƙwayar da ya zuba a kan takarda ko farantin ƙarfe yadda ya ga dama, amma doka ta hana shi ɗaga ta ga ko da kurege ɗaya.